Abin da Yahudawa Suka Ce Game da Annabi Isa da Kiristanci Cikin Shekaru Dubu Biyu

A wa'azi da hirar majalisa mun saba ambaton Yahudu da Nasara a numfashi guda, kamar jama'a ɗaya ce mai aƙida ɗaya. Siyasar zamani ta ƙara wa wannan zato ƙarfi, ganin yadda Amurka ke tsaya wa Isra'ila, da yadda Kiristocin Najeriya ke tururuwa zuwa ziyarar Urushalima duk shekara. Amma wanda ya bi rubuce-rubucen malaman Yahudawa zai tarar da wani labari daban. Mafi yawan zaman da ɓangarorin biyu suka yi, zama ne na tsoro da raddi da zubar da jini, kuma a tsakiyar saɓanin akwai mutum guda: Annabi Isa ɗan Maryam, alaihissalam, wanda Kiristoci ke kira Yesu Almasihu.

Musulmi ya yi imani da shi Manzon Allah ne kuma Almasihu. Kirista ya riƙe shi Ɗan Allah mai ceton duniya. Addinin Yahudanci bai karɓi ko ɗaya ba. A wajensa Isa ba abin bauta ba ne, ba Almasihu ba ne, ba ya ma cikin jerin annabawa. Wannan matsaya tana nan daram tun ƙarni na farko har yau. Abin da ya yi ta sauyawa shi ne harshen da ake faɗinta da shi: an yi zamanin shiru, an yi na zagi, an yi na hujja, sannan aka zo na girmamawa. Wanda ya bi sawun wannan sauyi zai ga ba ya rasa nasaba da yadda Kiristoci masu mulki suka riƙe Yahudawan da ke hannunsu.

Dalilan ƙin amincewa

Dalili na farko shi ne ma'anar Almasihu. A fahimtar malaman Yahudawa, Almasihu sarki ne ɗan adam daga zuriyar Annabi Dawuda, wanda zai tattaro Bani Isra'ila daga inda suka warwatsu, ya sake gina Haikalin Urushalima, duniya ta zauna lafiya yadda littafin Ishaya ya siffanta, a bar yaƙi, a mayar da makamai kayan noma. Suka ce Isa ya zo ya tafi ba a ga ko ɗaya ba, hasali ma kimanin shekara 40 bayansa Rumawa suka rusa Haikalin. Bayanin Kiristoci cewa zai cika saura a dawowarsa ta biyu bai gamsar da su ba, domin a cewarsu littattafansu ba su san da zuwa biyu ba.

Na biyu tauhidi ne. Bayahude mai ibada safe da yamma yake karanta shaidar kaɗaitar Allah da ke cikin Attaura, saboda haka aƙidar Allah ɗaya cikin uku, da cewa Allah ya zama mutum, ba su da mazauni a zuciyarsa. Na uku shari'a. Malamansu sun ƙirga dokoki 613 a cikin Attaura, suna ɗaukarsu alkawari na har abada. Koyarwar Bulus da ta sauke wa sababbin mabiya nauyin kaciya da dokokin abinci, da iƙirarin coci cewa ita ce Isra'ila ta gaskiya, a wajensu warware alkawari ne da ƙwace matsayi. Duk mahawarar da ta biyo baya a kan waɗannan uku take juyawa.

Daga gida ɗaya

Farkon al'amarin ya yi kama da rigimar 'yan gida ɗaya kan gado. Cikin Bani Isra'ila aka haifi Isa, almajiransa na farko duk Yahudawa ne masu zuwa Haikali, kuma a lokacin ƙungiyoyi sun yi yawa, akwai Farisiyawa da Sadukiyawa da masu neman korar Rumawa da makami. Mabiyan Isa ƙungiya ce cikin ƙungiyoyi. Marubucin tarihi Bayahude, Yosefus, a littafin da ya kammala wajen shekarar 93, ya ba da labarin kisan Yakubu, wanda ya kira ɗan'uwan Isa, a shekarar 62 bisa umarnin babban firist Ananus. Ya ce masu tsananin riƙo da shari'a a birnin sun yi tir da hukuncin, har aka tsige firist ɗin. Ke nan a wannan lokaci akwai Yahudawa masu ibada da ba su ga laifin jagoran mabiyan Isa ba.

Yaƙe-yaƙe biyu suka raba gari. A shekarar 70 rundunar Rumawa ƙarƙashin Titus ta rusa Haikali, malamai suka koma garin Yabne suka sake kafa addinin a kan karatu da addu'a. A wannan zamani aka ƙara wata addu'a ta la'antar zindiƙai cikin addu'ar yau da kullum. Wani kwafinta da aka samo a ma'ajiyar tsofaffin takardu ta majami'ar Ben Ezra da ke tsohuwar Alƙahira, wanda Solomon Schechter ya wallafa a 1898, ya ambaci Nasara da suna, kodayake masana sun yi saɓani kan ko tun asali sunan yana ciki. Sai tawayen Bar Kokba na 132 zuwa 135, wanda babban malami Rabbi Akiba ya ayyana shi Almasihu. Masu bin Isa ba za su iya bin wani Almasihu ba, suka ƙi shiga, kuma marubucin Kirista Yustinus ya ce an azabtar da su a kan haka.

Duk da haka, littafin Mishna, wanda aka tattara wajen shekarar 200 kuma shi ne tushen fiƙihun Yahudawa, bai ambaci Isa ba ko sau ɗaya. Malaman lokacin sun fi damuwa da tsira da addininsu. A Talmud ta Babila kuwa, wadda bugunta da aka saba yake da ganye 2,711, ana samun 'yan wurare ƙalilan masu magana a kan wani Yeshu. An zarge shi da sihiri da ɓatar da Isra'ila, an ce an kashe shi a jajibirin Idin Ƙetarewa, an kuma yi wa haihuwarsa mummunan ƙazafi. Wannan ƙazafi ya girmi Talmud, domin Kelsus, masanin falsafa mai bin addinin Girkawa, ya kawo shi wajen shekarar 178 ta bakin wani Bayahude. Magana ce marar tushe a tarihi, kuma ita ce Alƙur'ani ya yi tir da ita a Suratun Nisa'i inda ya wanke Maryam. Masani Peter Schäfer, a littafinsa na 2007, ya lura cewa mafi zafin waɗannan wurare a Iraƙi aka rubuta su, ƙarƙashin sarakunan Farisa, inda babu sarki Kirista da zai hukunta mai faɗi. A ganinsa martani ne da aka shirya da gangan ga labarin Linjila, daga mutanen da suka ga 'yan'uwansu na daular Rum suna shiga uku.

Sun kuwa shiga. Sarki Kustantin ya halatta Kiristanci a 313, a 380 ya zama addinin daula. Dokoki suka fito na hana gina sababbin majami'u da hana Bayahude muƙamin gwamnati. A Antakiya, cikin 386 da 387, Yohanna Kirisostom ya yi jerin wa'azozi masu zafi a kan Yahudawa, abin da ya fusata shi kuwa shi ne mabiyansa suna zuwa majami'ar Yahudawa ranar Asabar da ranakun idi. Talakawa suna cuɗanya, shugabanni suna gina katanga. Tuhumar cewa Yahudawa baki ɗaya su ne suka kashe Almasihu ta kafu a kan mumbari. A irin wannan yanayi ne labarin Toledot Yeshu ya yaɗu, tatsuniyar izgili mai juya Linjila baibai, wadda Bishop Agobard na birnin Liyon ya koka da ita tun wajen shekarar 826. Ba ta taɓa zama littafin karatu a makarantun malamai ba. A ɓoye ake karanta ta, makamin wanda ba shi da wani makami.

Da harshen Larabci

A ƙasashen Musulmi lamarin ya ɗauki wata siga. Bayahude da Kirista duk 'yan amana ne, babu mai iko da wani, kuma majalisun ilimi na Bagadaza sun koya wa kowa jayayya da hujjar hankali. Sa'adiya Ga'on, haifaffen Fayyum ta Masar, ya rubuta littafinsa na aƙida da Larabci a 933, ya warware aƙidar uku-cikin-ɗaya daki-daki da ma'aunin ilimin kalam. Wani malamin zamaninsa, Yaƙub al-Ƙirƙisani na ɗariƙar Ƙara'awa, ya ruwaito cewa wasu 'yan ɗariƙarsu suna ganin Isa mutumin kirki ne, Bulus ne ya ƙirƙiro addinin da ake jingina masa. Wannan rarrabewa tsakanin Isa da cocin da ta biyo bayansa za ta daɗe tana dawowa.

A Andalus, Yahuda Halebi ya rubuta littafin Kuzari wajen 1140, inda ya ce Kiristanci da Musulunci share fage suke yi wa Almasihun da ake jira. Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba da ya rasu a Masar a 1204, wanda Yahudawa ke ɗauka mafi girman malamansu na wannan zamani, ya haɗa tsanani da hangen nesa. A fiƙihu ya yanke cewa Kiristanci bautar wanin Allah ce, alhali ya shaidi Musulmi da tsantsar tauhidi. Ya ɗora wa Isa alhakin wahalar da ta sami Isra'ila da sunansa. Amma a ƙarshen babban littafinsa na shari'a ya ce hikimar Allah ta fi ƙarfin tunanin ɗan adam, domin ta hanyar addinan biyu labarin Attaura da Almasihu ya isa tsibirai masu nisa da al'ummun da ba su taɓa jin sa ba. Ya kuma halatta koya wa Kirista Attaura, tunda ya yarda da nassinta yadda yake. Masu tace littattafai na coci sun cire wancan sashe daga bugu da dama na Turai.

Muƙabala da takobi a wuya

A Turai ta Kiristoci ne abin ya fi muni. A 1096 mayaƙan Salibiyya da ke kan hanyar Ƙudus suka fara da Yahudawan biranen Worms da Mainz na bakin kogin Rhine, suka ba su zaɓi tsakanin baftisma da mutuwa. Da yawa suka zaɓi mutuwa, wasu da hannunsu. A 1144 aka ƙaga a birnin Norwich na Ingila cewa Yahudawa na kashe yaran Kiristoci don tsafi, sharrin da ya ci rayuka ɗaruruwan shekaru. A 1215 babban taron coci ya tilasta musu sa tufafin da za a gane su. Ga Bayahuden wannan zamani, gicciye alamar masu zuwa ƙona unguwarsa ce, kuma waƙoƙin makoki da littattafan tarihin da suka bari cike suke da kalamai masu ɗaci a kan Isa da coci.

Sannan aka shiga zamanin muƙabalar dole. A Faris a 1240, wani Bayahude da ya koma Kirista, Nicholas Donin, ya kai ƙarar Talmud, aka gurfanar da malamai a fadar Sarki Luwis na tara. Rabbi Yehiyel ya kare kansa da cewa Yeshun Talmud wani mutum ne daban, kamar yadda ba kowane mai suna Luwis ne sarkin Faransa ba. Hujjar ba ta yi aiki ba. A 1242 aka ƙona littattafai cikin amalanke 24. A Basalona a 1263, Sarki Yakubu na ɗaya na Aragon ya ba Musa bin Nahman izinin ya faɗi ransa a gaban Pablo Kiristiyani, wanda kamar Donin Bayahude ne da ya koma Kirista. Malamin ya koma kan dalili na farko: annabawa sun ce zamanin Almasihu zamanin salama ne, ga shi tun daga zuwan Isa duniya cike take da yaƙi, kuma mabiyansa ba su gaza kowa zubar da jini ba. Sarki ya ba shi kyautar kuɗi, amma da ya rubuta yadda muƙabalar ta kasance limaman coci suka taso shi gaba, ya bar ƙasar yana tsoho, ya isa Falasɗinu a 1267.

Abin lura shi ne a tsakiyar wannan wuta aka sami fatawoyi masu sauƙi. Talmud ta hana ciniki da masu bautar gumaka dab da bukukuwansu, wanda kuwa ke zaune a ƙauyen Faransa ko Jamus ba shi da abokin ciniki sai Kirista. Malaman ƙarni na 12, irin su Rabbenu Tam, suka nemo mafita, kuma daga maganganunsu ne malaman baya suka fitar da ƙa'idar cewa haɗa Allah da wani a bauta haramun ne ga Bayahude, amma ba a ɗora wa sauran al'ummu wannan tsanani ba. Menahem Me'iri na birnin Perpignan, wanda aka haifa a 1249, ya zarce haka. Ya ce hukunce-hukuncen Talmud a kan masu bautar gumaka na mutanen da ne marasa doka, ba su shafi al'ummun da addini ya yi wa tarbiyya ba, wato Kiristoci da Musulmi. Buƙatar rayuwa ce ta buɗe ƙofar, amma Me'iri ya mayar da ita ƙa'ida, kuma a zamaninsa aka kori Yahudawa daga Ingila a 1290, ya kuma ga korarsu daga Faransa a 1306.

Bayan kashe-kashen 1391 a Sifaniya, inda aka yi wa dubbai baftismar dole, malamai suka fara karanta Sabon Alkawari da idon bincike. Profiyat Duran ya bi Linjila aya-aya yana nuna cewa Isa ya kiyaye Attaura, bai ce a bauta masa ba, na baya ne suka sauya. Korar 1492 ta kawo ƙarshen zaman Yahudawa a Sifaniya, a 1553 aka ƙona Talmud a birnin Rum, bugun Basel na 1578 zuwa 1580 kuwa ya fito an goge duk inda aka ambaci Yeshu. Ƙarnoni da dama ɗalibai suka yi ta karatu ba su ga waɗannan wurare ba, sunan ma wasu ba sa furtawa, sai su ce mutumin nan.

Dawo da Isa cikin danginsa

A 1757 wani malami mai tsauri na birnin Altona, Yakubu Emden, ya rubuta abin da ya zarce na magabata. Ya ce Isa ya yi wa duniya alheri biyu: ya ƙarfafa Attaurar Musa ga Yahudawa, ya kuma raba sauran al'ummu da gumaka ya ɗora su a kan dokoki bakwai na zuriyar Nuhu da kyawawan ɗabi'u. A fahimtarsa, manzannin ba su yi nufin raba Bayahude da shari'arsa ba, wa'azinsu na wasu al'ummu ne. A 1769 wani fasto na Zurich, Lavater, ya ƙalubalanci masanin falsafa Musa Mendelssohn a bainar jama'a, ko ya rusa hujjojin Kiristanci ko ya karɓi baftisma. Mendelssohn ya ƙi duka biyun. Ya nuna yana girmama halin Isa, ya tsaya a addininsa, ya kuma tuna wa faston cewa wanda ake zaune da shi bisa alfarma ba ya jayayya da masu gari a kan addininsu.

Da Faransa ta ba Yahudawa 'yancin zama 'yan ƙasa a 1791, wasu ƙasashe suka biyo baya, Yahudawa suka shiga jami'o'i, sai tambayar ta sauya. Abraham Geiger, jigon masu neman gyara a Jamus, ya ce a 1864 Isa Bafarisiye ne da ya bi tafarkin malami Hillel, bai zo da sabon abu ba. Maganar ta fusata malaman tauhidin Kirista, domin sun saba nuna Farisiyawa a matsayin abokan gabar Isa. Geiger yana yabo ne yana kuma kare gida: in dai abin da Turai ke alfahari da shi daga Yahudanci ya fito, da wane dalili za a rena Yahudanci? A 1922 Joseph Klausner ya wallafa tarihin Isa da harshen Ibrananci a Urushalima. Ya ce Bayahude ne gaba da baya, gwanin koyar da ɗabi'a da buga misali, amma ba Almasihu ba ne, ba annabi ba, kuma koyarwarsa ba za ta iya riƙe al'umma ba tunda ta yi watsi da dokokin zaman jama'a. Masu riƙon gargajiya suka yi masa ca. A 1925 da Rabbi Stephen Wise ya yabi littafin a wani jawabi a New York, sai da malamai suka nemi ya sauka daga shugabancin wani babban asusu.

Masu fasaha ma sun shiga. A 1938, shekarar da 'yan Nazi suka ƙona majami'u a faɗin Jamus, Marc Chagall ya zana Isa a kan gicciye ɗaure da mayafin addu'ar Yahudawa, kewaye da majami'a tana ci da wuta da mutane suna gudun hijira. Wanda aka daɗe ana kashe su da sunansa, mai zanen ya mayar da shi ɗaya daga cikin waɗanda ake kashewa. A 1950 Martin Buber ya rubuta cewa tun ƙuruciya yake jin Isa kamar babban wansa, ba tare da ya karɓe shi Almasihu ba.

Bayan kisan kiyashi

Kisan Yahudawa miliyan 6 a tsakiyar Turai ya tilasta wa coci duba kanta. Jules Isaac, masanin tarihi Bafaranshe da aka kashe matarsa da 'yarsa a Auschwitz, ya ƙarar da sauran rayuwarsa yana nuna yadda koyar da raini a coci ya share wa wannan ta'asa hanya. Ya gana da Fafaroma Yohanna na 23 a 1960. Ranar 28 ga Oktoba 1965 babban taron Batikan ya fitar da sanarwar Nostra Aetate, wadda ta ce ba za a ɗora alhakin abin da ya sami Almasihu a kan dukan Yahudawan wancan zamani ba, balle na yau. Sanarwar ta kuma yi magana a kan Musulmi da girmamawa. A 1986 Fafaroma John Paul na biyu ya shiga babbar majami'ar Yahudawa ta Rum.

Martanin Yahudawa bai zo da murya ɗaya ba. Abraham Joshua Heschel ya yi ta kai-komo a Batikan don a gyara sanarwar. Joseph Soloveitchik, jagoran masu riƙon gargajiya a Amurka, ya gindaya iyaka a 1964: a haɗa hannu a kan yaƙi da talauci da zalunci, amma ban da tattauna aƙida, domin imanin kowace al'umma sirrinta ne, kuma marar rinjaye ne ke asara in aka fara ciniki a kai. A jami'o'i kuwa, David Flusser a 1968 da Geza Vermes a 1973 suka fitar da littattafan da suka sa har malaman Kirista suka koma karanta Isa a cikin duniyarsa ta Yahudawa. A 2011 aka wallafa Sabon Alkawari ɗauke da sharhin masana Yahudawa zalla.

A Satumbar 2000 malamai da masana sama da 200 suka sa hannu a sanarwar Dabru Emet, mai cewa Yahudawa da Kiristoci Allah ɗaya suke bauta wa, kuma aƙidar Nazi ba daga Kiristanci ta fito ba, kodayake ba za ta yi saiwa ba in ba don daɗaɗɗiyar ƙiyayyar coci ba. Jon Levenson na jami'ar Harvard ya soke ta da cewa ta shafe bambance-bambance na gaske. A Disambar 2015 wasu malaman gargajiya suka fitar da tasu, suna kafa hujja da bin Maimun da Halebi da Emden, suka ce Kiristanci nufin Allah ne ga al'ummu. A 2017 manyan majalisun malamai na Isra'ila da Turai da Amurka suka miƙa wa Fafaroma Francis takarda mai kiran Katolika abokan aiki, tana kuma faɗi ƙarara cewa saɓanin aƙida ba mai sasantuwa ba ne.

Iyakar da ba ta motsa ba

Inda aka fi ganin wannan iyaka shi ne batun Bayahuden da ya karɓi Isa. Oswald Rufeisen Bayahuden Polan ne da ya ceci 'yan'uwansa da dama daga hannun 'yan Nazi, ya ɓuya a gidan mata masu zaman zuhudu, ya zama Katolika har ya kai limami. Da ya nemi zama ɗan Isra'ila a ƙarƙashin dokar da ta ba kowane Bayahude wannan haƙƙi, Kotun Ƙoli ta hana shi a 1962, sai ta wata hanya ya samu. A 1970 aka rubuta a dokar cewa wanda ya shiga wani addini ya fita daga wannan haƙƙi, a 1989 kotun ta ce hukuncin ya hau kan masu kiran kansu Yahudawa mabiya Almasihu. Bayahuden da ya daina ibada gaba ɗaya yana nan Bayahude a idon dokar. A kan batun wanda ya karɓi Isa, ɗariƙun Yahudawa da ba sa ga-maciji da juna bakinsu ɗaya.

Tsohon ɗacin ma bai gushe duka ba. A Oktobar 2023 an ga bidiyon wasu masu tsattsauran ra'ayi suna tofar da yawu a gefen masu ziyara Kiristoci a tsohon birnin Ƙudus, manyan malaman Isra'ila suka yi tir da abin. A can Kiristoci ne marasa rinjaye, kuma nauyin da ke kan coci jiya ya koma kan masu iko na yau. Goyon bayan da Kiristocin bishara na Amurka ke ba Isra'ila ma, wasu Yahudawa na maraba da shi, wasu na ɗari-ɗari, don sun san da yawa daga masu goyon bayan na fatan ganin sun karɓi Yesu a ƙarshe.

Wannan tarihi ya nuna abu biyu da ya kamata duk mai zaune da maƙwabci na wani addini ya riƙe. Tilas ba ta taɓa sauya aƙidar Yahudawa game da Isa ba. Ƙona littattafai da muƙabalar dole da kora sun haifar da tatsuniyar izgili da sunan da ba a son furtawa, kuma mafi yawan kyawawan maganganun da Yahudawa suka yi a kansa sun zo ne a inda aka bar su suka yi numfashi. Sannan girmamawa ba ta buƙaci kowa ya sayar da imaninsa ba. Emden da Klausner da malaman 2017 ba su karɓi Isa Almasihu ba, cocin da ta fitar da Nostra Aetate ba ta fasa kiransa Ubangiji ba, amma sun iya zama wuri ɗaya kowa ya faɗi gaskiyarsa. A ƙasashenmu, inda Musulmi ke da rinjaye a wani gari Kirista ke da shi a wani, wanda ke son maƙwabcinsa ya ambaci abin da yake girmamawa da ladabi, sai ya fara duba yadda yake riƙe da maƙwabcin nan a inda ikon yake hannunsa.